Taura Uku a Bakin Lauya

Tun daren da na yi suɓul da baka a wata fada ta bayan tashar Dakoro, wayata ba ta huta ba. Abin da na faɗa bai taka kara ya karya ba. Ana zuba shayi na biyu, hira ta gangaro kan yaran da ake turawa Yamai karatu, sai na ce duk wanda ɗansa ya zaɓi karatun shari'a kada ya ɗaure fuska, domin akwai lauyoyin da suka riƙe hukumar leƙen asiri, suka zauna kujerar minista, kuma suka zuba dukiya cikin sana'ar yaran da ba su da ko tamma. Wurin ya yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi. Can sai wani Alhaji, dillalin shanu, ya ajiye kofinsa a hankali ya ce, "Ɗan lakkol, taura biyu ma ba ta taunuwa, kai ka cusa wa bawan Allah uku." Dariya ta ɓarke, har mai shayi ya zubar da kumfa.

Daga ranar nake samun saƙonni. Wani ya ce in rage kallon fim. Wani Malam ya aiko da muryarsa ta WhatsApp, minti bakwai cur, yana mini nasiha a kan caca. Wani mushe mai ritaya, wanda ya koyar da rabin garin nan karatu kuma har yau bai yafe wa kowa kuskuren rubutu ba, ya ce ko da maganata gaskiya ce, to abin tsoro na ba da labari, ba abin sha'awa ba. To, jama'a, ga ni. Ku gyara zama, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya.

Na san inda gizo ke saƙar. Yawancinku ba ku taɓa ganin lauya ido da ido ba, tun da kusan dukkansu a Yamai suka tare, sai shari'a mai maiƙo ke fito da su. Wanda kuka sani shi ne na fim ɗin Kano, mai hular gashin doki, mai nuna alƙali da yatsa. A wurinku lauya mutum ne da ake biya ya yi ƙarya da Faransanci. Rigimar gona da burtali kuwa, wurin mai gari da sarki kuke kai ta, in ta gagara a yi rantsuwa. Saboda haka in an ce muku lauya ya riƙe asirin ƙasa, kamar an ce muku maroƙi ya zama liman ne.

Alhaji, da kai zan fara, tun da kai ka fara jifa. Kai mai kai shanu kudu, ba sai na yi maka kwatancen Shinkafi ba. To, akwai wani mutumin can, Umaru Ali Shinkafi, Marafan Sakkwato, da aka haifa a 1937. Ɗan sanda ne tun 1959. Yana cikin kaki ya koma aji, ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, ya gama a 1973, shekara ta zagayo aka rantsar da shi lauya. A 1975 gwamnatin Murtala ta ba shi kwamishinan tarayya na harkokin cikin gida, wato abin da mu nan muke kira minista. Bayan an kashe Murtala a watan Fabrairun 1976, sojoji suka kafa hukumar tsaro ta NSO, wadda ta haɗa leƙen asirin ciki da na waje a hannu ɗaya. Daga 1979 zuwa 1983, zamanin Shagari, Shinkafi ne ya riƙe ta. Ya bar kujerar, ba a daɗe ba sojoji suka kifar da gwamnatin a ranar ƙarshe ta 1983. Da Babangida ya zo ya ga hukumar ta yi ƙarfi fiye da kima, aka raba ta gida uku a 1986, SSS da NIA da DIA, kuma Shinkafin ne ya jagoranci kwamitin da ya duba gyaran. Ka ƙirga da yatsunka, Alhaji. Shari'a, ɗaya. Tsaron ƙasa, biyu. Baki ɗaya ne, kuma ba a ji haƙori ya fita ba.

Na ji abin da kake gunaguni. "Ina ta ukun?" Gaskiyarka. Ba da zuba jari aka san Marafa ba, siyasa ce taurarsa ta uku, kuma ita ce ta ƙi taunuwa. A 1992 ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar NRC, suka kara da Adamu Ciroma, sai Babangida ya soke zaɓen fidda gwanin ya kuma haramta wa dukan ƴan takarar jam'iyyun biyu sake tsayawa, har da Shehu Musa Ƴar'adua da Olu Falae. Mutumin da ya shekara huɗu yana karanta rahoton kowa da kowa, ga shi an yi masa sakiyar da ba ruwa. A 1999 ya tsaya mataimakin Falae, suka sha kaye a hannun Obasanjo, wanda a da suka yi gwamnati ɗaya. Ya rasu a Landan a watan Yulin 2016. Allah ya jiƙansa.

Ba shi kaɗai ba ne. Nuhu Ribadu a Zariya ya karanta shari'a, ya shiga ɗan sanda, ya zama shugaban hukumar yaƙi da almundahana ta EFCC na farko a 2003, a watan Yunin 2023 kuma aka ba shi mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro. Nan gida ma, Alkache Alhada malamin shari'a ne a jami'ar Yamai kafin ya shugabanci babbar kotun da ke shari'a tsakanin talaka da hukuma, ya riƙe ma'aikatar cikin gida a 2020, daga baya aka mai da shi ta kasuwanci. Taura biyu dai ta zama abincin yau da kullum. Ta ukun ce ke mana wuya a wannan yanki, kuma zan zo kan dalili.

Amma tukuna, mene ne wannan jarin kasada da Malam ya yi mini minti bakwai a kansa? Ga yadda yake. Masu kuɗi sukan tara dukiya wuri ɗaya su damƙa wa wasu ƴan mutane, galibi na tsawon shekara 10. Su kuma su shiga neman yara masu dabara amma ba jari. Ba bashi suke ba su ba. Rabo suke saya a cikin sana'ar: ga kuɗi, kashi kaza na kamfaninka ya zama namu. In sana'ar ta mutu, kuɗi sun tafi, ba mai zuwa ya ɗaga wa yaro katifa. In ta haihu, a raba. Masu juya dukiyar sukan ɗauki kashi 2 cikin 100 kowace shekara na ɗawainiya, da kashi 20 cikin 100 na riba. Su da kansu suna faɗa cewa yawancin abin da suka shuka ba ya tsira, guda ɗaya ko biyu ne ke ɗauke asarar sauran. Wanda ake cewa ya buɗe wannan ƙofa a Amurka ma Bafaranshe ne, Georges Doriot, wanda ya kafa kamfaninsa a 1946. A 1957 ya ba wasu injiniyoyi biyu dala 70,000 su ƙera kwamfuta da sunan Digital Equipment, rabon nan ya zo ya zama ɗaruruwan miliyoyi. Dalar Amurka nake nufi, Alhaji, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kada ka fara lissafi da kuɗin goro.

Allah gafarta Malam, yanzu na zo gare ka, kuma da ladabi, don ban isa in ja da kai ba. Ka ce caca ce. To, a taimaka a buɗe mana Risala, wajen babin ciniki, inda ake maganar ƙiradi, ko ƙirali kamar yadda kuke furtawa a zaure. Ba kai ka karantar da mu ba cewa mai dukiya zai ba mai aiki tsabar kuɗi ya yi fatauci, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi, ba a yanka adadi ba? Ba kai ka ce in asara ta zo ba da sakaci ba, mai dukiya ne ya yi asarar dukiyarsa, mai aiki ya yi asarar guminsa, kuma in aka shar'anta wa mai aiki lamunin uwar kuɗi ƙiralin ya ɓaci? To, Malam, abin da ka shekara talatin kana biya wa almajirai a kan buzu, shi ne wasu suka sa wa kwat da lakataye. Masana tarihin kasuwanci ma sun daɗe suna tattauna yadda fataken Italiya na zamanin da suka yi amfani da irin wannan yarjejeniya da suka tarar a hannun Musulmi. Ban ce duk abin da Amurkawa ke cusawa cikin takardunsu ya halatta ba, wannan aikinku ne ku tace. Amma ƙashin bayan abin, a cikin gafakarka yake.

Ku kuma sauran masu dariya, ku ne kuka fi ba ni mamaki. Mutanen Dakoro ne fa ke cewa suna tsoron kasada. Ku da kuke binne iri a busasshen rairayi, sama ko gajimare babu, kuna jiran ruwan da bai yi muku alkawari ba. In ya sauka da wuri kun riga kowa, in ya yi yayyafi ya tsaya iri ya ruɓe, ku sake. Ku da dokar 1961 ta ja wa layi ta ce daga nan zuwa arewa ba noma sai kiwo, kuka tsallake layin da hauyarku. Ku da kuka ga abin da fari ya yi wa garke a 1973 da 1984, kuka ga gawarwakin shanu wajen Gadabeji a 2010, amma da kuɗi sun shigo hannu sai kasuwar Sakabal a sayo karsana. Wane Ba'amurke ne ya kai ku ganganci?

Maƙwabtanku Fulani ma sun fi ƴan Amurka hannu sake. Haɓɓanaye fa? Mutum ya ɗauki karsanarsa ya ba wanda garkensa ya ƙare, ta haihu a hannunsa, ƴaƴa su zama nasa, uwa kawai za ta dawo. Da za a kai wannan tsari gaban masu kashi 20 cikin 100, suma za su yi. Alhazan Maradi kuwa, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986, da me suka tashi? Kamfanonin Turawa na zamanin gyaɗa su ba ubangida kuɗi, ubangida ya rarraba wa barorinsa su shiga ƙauyuka, wanda ya nuna amana da wayo a ƙara masa, wata rana a sallame shi da jarinsa ya zama ubangidan wasu. Haka Alhassan Ɗantata ya yi a Kano. Wato ba baƙon abu na kawo muku ba. Kun san shi, ba ku dai saba ganinsa da takalmi sau-ciki ba.

To, ga mai taura ukun da kuka ce in nuno. Sunansa William Casey, haifaffen New York a 1913. Ya gama karatun lauya a 1937. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke ya shiga OSS, uwar da ta haifi CIA, yana zaune a Landan yana tura ƴan leƙen asiri cikin Jamus. Bayan yaƙi ya koma lauyanci, yana rubuta littattafan da ke koya wa attajirai hanyoyin haraji, yana kuma zuba kuɗinsa cikin ƙananan kamfanonin da ba wanda ya san su. Ɗaya daga ciki, Capital Cities, ya girma har ya saye gidan talabijin na ABC a 1985. Nixon ya ba shi shugabancin hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari daga 1971 zuwa 1973. Ya riƙe bankin gwamnati mai tallafa wa fitar da kaya. Ya jagoranci yaƙin neman zaɓen Reagan a 1980, aka saka masa da kujerar shugaban CIA daga 1981 har zuwa 1987. Alhaji, wannan ba uku ba ma, ya kusa cika mudu.

Kada kuma ku ce aikin maza ne, don na ga wata Hajiya cikin masu aiko da saƙo tana cewa duk surutun maza ne. Hajiya, akwai wata Kathryn Haun, lauyar gwamnatin Amurka, wadda ta yi aiki a sashen tsaron ƙasa na ma'aikatar shari'a. Ita ta gurfanar da wasu jami'an gwamnati biyu da aka tura binciken wata kasuwar ƙwaya ta intanet, suka ɓige da cika aljihunsu da kuɗin bitcoin. Garin bin sawun ɓarayi ta fahimci harkar fiye da masu ita. A 2018 ta koma kamfanin jarin kasada na Andreessen Horowitz, a 2022 ta buɗe nata, masu kuɗi suka damƙa mata dala biliyan 1.5. Ke da kike riƙe da asusun mata, irin na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar nan tamu ta Maradi a 1991, kin san abin da ake nufi da a ba mace ajiyar kuɗin jama'a saboda an san ba ta da wasa.

Abin da ya sa na ce kada ku yi mamaki shi ne, ayyukan nan uku a ido ne suka bambanta. Mai leƙen asiri, me yake yi wuni? Wani ya zo masa da labarin da ba shi da hanyar tabbatarwa, dole ya auna mutumin: wa ya aiko shi, me zai samu, ina ya taɓa yin ƙarya. Mai jarin kasada fa? Yaro ya zo masa da mafarkin da ba a taɓa gani ba, ba gona ba gida ba jingina, dole shi ma ya auna mutumin. Lauya kuma tun yana ɗan koyo aka horar da shi ya saurari labari yana neman inda ɗinkin ya saki. Alhaji, ai kai ma sana'arka ke nan. Kana duba haƙorin sa, amma rabin hankalinka na kan idon mai sayarwa, ko na sata ne. Bambancinka da su, kai ba ka da sakatariya.

Sai dai lauya ya fi ku da abu guda, kuma shi ne abin da kuka fi tsana a wurinsa. Ranar ɗaurin aure shi yana tunanin ranar saki. Ana cikin raha da "ai mu ƴan'uwa ne", shi yana tambaya: in ɗayanku ya mutu fa? In an ci riba mai yawa fa? In wani ya so fita? Ku kuna ganin mugun fata ne. Ni ma da haka nake gani, sai da na sha.

Shekarun baya na ba wani taubashina jaka ɗari uku ya yi turkar raguna don Layya. Ba takarda, ba shaida, sai "Allah ya sa albarka". Shekarar farko kasuwa ta yi kyau, ya zo har gida da fara'a ya ƙirgo mini jaka ɗari uku cif, ya ce ga bashina ya biya, Allah ya saka. Na haɗiye yawu, na ce to. Shekara ta biyu na sake ba shi, don wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Raguna biyu suka mutu, farashi ya faɗi, sai ga shi da sabon fikihu: ai tarayya muka yi, asara ta kowa ce. Ka ji mutum, in riba ta zo bashi ne, in asara ta zo ƙirali ne. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce in rufa mata asiri kada in raba zumunci a kan tumaki. Da rabin shafi muka rubuta tun farko, da yau muna gaisawa da hannu biyu. Kuma Malam shaida ne, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu da aka yi wa umarni mu muke jin kunyar biro.

Saura mushe. Na bar ka a ƙarshe ne don kai kaɗai ka jefo dutsen da ya same ni. Ka ce mutumin da ya san asirin ƙasa in ya shiga kasuwa, an ba kura ajiyar nama. Ranka ya daɗe, ban da ta cewa. Shi Casey ɗin da nake taƙama da shi, da ya hau kujerar CIA ƙin sakin ragamar hannayen jarinsa ya yi, alhali kowace safiya rahoton man fetur da yaƙe-yaƙen duniya a teburinsa yake kwana. Sai da ƴan majalisa da ƴan jarida suka yi ta kumfar baki, sannan a 1983 ya miƙa dukiyar ga amintattun da za su juya ta ba tare da saninsa ba. Ƙarshensa ma bai yi daɗi ba. Badaƙalar sayar wa Iran makamai a ɓoye da karkatar da kuɗin ga ƴan tawayen Nikaragwa ta fashe a 1986, ciwo ya kwantar da shi ana tsakiyar bincike, ya mutu a watan Mayun 1987 da sauran tambayoyi a kansa.

Mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. Mun ga yadda aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris ɗin 2024. Ka tuna yadda farashin dabba da na shinkafa suka yi ta rawa. Yanzu ka ƙaddara akwai mutumin da ya san ranar rufewa mako guda kafin kowa, kuma yana da rumbu a Maradi da wani a Jibiya. Wannan ba kasada yake yi ba, girbi yake yi a gonar da bai nome ba. Ban ce wani ya yi ba, na ce ƙofar a buɗe take. Maganinta kuma, mushe, abin haushi, shi ne dai lauyan da kuke zagi: dokar bayyana dukiya kafin hawa kujera da bayan sauka, da wa'adin da mutum zai jira kafin ya shiga kasuwar da ya taɓa sa wa ido, da alƙalin da ba ya jin tsoron tsohon minista. Inda babu waɗannan, ina bayanka ɗari bisa ɗari. Ka rubuta ranar, yau ɗalibinka ya yarda da kai ba tare da bulala ba.

Wanda kuma ya aiko cewa tsaron ƙasa maganar manya ce, ina ruwan Dakoro, wannan ba zan zolaye shi ba. Garin nan ne aka shigo cikin dare a watan Oktoban 2012 aka ɗauke ma'aikatan agaji shida, ɗaya ɗan Cadi ya rasu sakamakon harbi, biyar suka dawo bayan makonni. Garin Shinkafi da na ambata ɗazu, yau kowa ya san halin da ƴan bindiga suka jefa shi, kuma dubban mutanen yankin a jihar Maradi suka sami mafaka tun 2019. In ana kama mutum ana tsarewa da sunan tsaro, gara a ce cikin masu ba da umarnin akwai wanda ya taɓa karanta inda ikon hukuma ya tsaya.

Yanzu ga abin da ya sa taura ta uku ke gagarar namu manyan. Ba rashin kuɗi ba ne. Ku dubi abin da babban mutum ke yi in ya sauka daga kujera, a Yamai ko Abuja. Gidan haya. Gidan mai. Gona da katanga. In ya ji tsoron Allah, masallaci da rijiya, Allah ya karɓa. Duk abin da ido zai gani hannu ya shafa. Amma a ce ya kira yaron da ba ɗansa ba, ba surukinsa ba, ya ce ga miliyan goma, kashi ɗaya cikin huɗu nawa, je ka gwada, in ta mutu na yafe? Sai ka tona. Tsoronsa bai wuce nawa da taubashina ba: ya san ranar rigima ba takarda, in ma akwai takarda ba ya da tabbacin kotu, in ma akwai kotu dangi za su zo da goro da ban haƙuri.

Amma ba a ce babu hanya ba. Nijar na cikin ƙasashen OHADA, masu bin dokar kasuwanci guda, tun yarjejeniyar 1993, kuma gyaran dokar kamfanoni na 2014 ya shigo da wani nau'in kamfani, SAS, wanda ke barin masu rabo su tsara wa kansu sharuɗɗan shiga da fita da rabon iko. A Yamai akwai Sinergi, da aka kafa a 2006 tare da kamfanin I&P na Faransa da wasu ƴan kasuwar gida, aikinsa sayen rabo a ƙananan masana'antu. Shi I&P ɗin ma, wanda ya karɓi ragamarsa a 2011, Jean-Michel Severino, daga shugabancin hukumar raya ƙasashe ta Faransa ya fito, ka ga wani ma'aikacin gwamnatin da ya tsallaka. A Najeriya wasu samari biyu suka kafa Paystack a 2015, hanyar biyan kuɗi ta intanet, masu kasada suka tallafa, a 2020 kamfanin Stripe ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200. Wannan duk ba a sama aka yi ba. Daga nan zuwa Legas tirelar shanu na zuwa.

Na san har yanzu wasunku na murmushi, suna cewa ɗan lakkol ya sha shayi da yawa. Ba komai. Ni dai na gama nawa, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba, sai wadda mushe ya ƙwace da ƙarfin gaskiya.

Alhaji, yaron nan da ke maka lissafi a waya, wanda kake kira malalaci don ba ya iya kama ƙahon sa, ya faɗa mini yana son ya sayi firji mai aiki da hasken rana, ya riƙa tara nono da cuku daga rugage yana kaiwa Maradi. Ya ce sau uku yana buɗe baki zai gaya maka, kana aikensa sayen goro. Ran kasuwa mai zuwa ina nan tafe da takarda da biro. Malam zai yanka mana rabo yadda littafi ya ce, mushe zai duba kuskuren rubutu, Hajiya ta riƙe kwafi ɗaya tun da ita ba ta ɓatar da ajiya. Shayi da sukari a kaina. Kai kuɗin bijimi ɗaya kawai za ka zo da shi, kuma kada ka aiko a ce ka tafi Sakabal.